Huji Arba'in a Sikin Kubat

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Kok-Bulak, can bayan Karakol, sunansa Kubat. A farkon sanyin shekarar da zan ba ku labari ya dawo daga birnin Bishkek ɗauke da sabon siki a kafaɗa, wato dogayen katakon nan biyu da muke ɗaurawa a ƙafa mu yi zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Ko gida bai leƙa ba. Shagon shayi ya fara shigowa, ya jingina su inda hasken taga zai faɗa musu, ya ce:

"Kowa ya buɗe ido ya gani. Da waɗannan zan yi tsalle a fili, da su kuma zan sauko daga kan dutse. Duk wanda ya ajiye siki kala biyu a gidansa, ba siki ya rasa ba, ƙafa ya rasa."

Na ce, "Sannu mai ƙafa. Mu da muke tafiya da ka mun ji."

Aka kwashe da dariya. Ni aikina ke nan tun ina yaro, kun sani. Aji shida na bar makaranta, kuma ba don na ƙoshi da ilimi ba, malamin ne ya ƙoshi da ni. Amma labarin yau ba na dariya ba ne, sai ku yi haƙuri da ni.

Tun da aka rufe ramin kwal, abincin ƙauyenmu daga ƙanƙara yake fitowa. Baƙi kan zo a hau da su dutse, su sauko ta cikin sabuwar ƙanƙara mai laushi wadda ba wanda ya taka. Gari muke ce mata, don in ka damƙa ba ta dunƙuluwa, zubewa take kamar garin alkama. Masu yi wa baƙin jagora su bakwai ne. A shekarar ɗaya ya ajiye aiki saboda ciwon baya, gurbi ɗaya ya buɗe.

Mutum biyu suka nema. Kubat, da wani makiyayi mai suna Mirbek, wanda sai ka yini da shi bai faɗi kalma goma ba.

Kubat shekara bakwai ya yi a birni. Can ya koyi wasan fili, inda ake tara ƙanƙara a yi tudun tsalle, a shimfiɗa bututun ƙarfe, mutum ya tashi sama ya juya ya sauka da baya. Gaskiya ya iya. Samarinmu sun gina irin filin a bayan makaranta, duk Asabar sai an cika don a kalle shi.

To, sabon siki ba ya zuwa da maƙali, wato ƙarfen da ke riƙe takalmi. Sai an huda katakon an ɗaure maƙalin da kusoshi, takwas a kowace ƙafa. A ƙauyenmu mutum ɗaya ke wannan aikin, Baba Toktosun, tsohon makanikin ramin kwal. Idonsa ya yi rauni, amma yatsunsa sun fi idon wani gani.

Ranar da Kubat ya kai masa sikin ina zaune a rumfarsa, ina jiran ya wasa mini gatari. Tsoho ya shafa katakon daga hanci har wutsiya.

"Katako ne mai kyau," in ji shi. "Ina zan huda?"

"Tsakiya, Baba. Daidai tsakiya."

"Tsakiya na 'yan fili ne. Gaba da baya nauyi ɗaya, ka juya yadda ranka ke so. Amma in ka shiga gari da shi hancin zai nutse, kai kuma ka bi shi. Na gari baya ake ja, kamar faɗin tafin hannu, don hancin ya ɗaga."

"Ni duka biyun zan yi."

"To bari in huda maka a tsakaninsu, yatsa biyu baya da tsakiya. Zai yi fili, zai yi gari. Sai dai ka sani, a fili akwai wanda zai fi ka juyi, a gari kuma akwai wanda zai riga ka sauka."

Kubat ya yi dariya. "Wato in zama na biyu a ko'ina?"

"Na biyu ma yana isa gida."

"Baba, wannan lissafin zamaninku ne. Katakon yanzu ba irin naku ba ne. Huda tsakiya kawai, sauran aikin ƙafata ce."

Tsoho bai yi musu ba. Ya ɗauki injin huda, amma kafin ya taɓa katakon ya ɗago kai ya ce:

"Ɗana, katako ba ya mantuwa. Sau uku ake huda siki a rayuwarsa, kuma ba kusa da juna ba. Na huɗu kabari ne."

"Ɗaya ya ishe ni," in ji Kubat.

Aka huda tsakiya. Asabar ta zo, Kubat ya tashi sama a fili ya juya sau biyu ya sauka kamar tsuntsu, yara suna ihu, 'yan mata suna ɗauka da waya.

Ranar Talata ƙanƙara ta zuba har ƙugu. Muka hau tudun da ke bayan maƙabarta, mu kusan ashirin. Kubat ya ce a ba shi gaba. Bai yi taku hamsin ba hancin sikin ya nutse, shi ma ya bi shi da fuska. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ƙara gaba kaɗan, ya sake kifawa. Sau huɗu. Mirbek ya wuce ta gefensa a kan wani tsohon siki mai faci, ko kallonsa bai yi ba.

Da ma na yi shiru. Amma bakin nan nawa bai saba ba.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a a ba Garma hanya! Noman bana ya fara da wuri!"

Kafin magariba sunan ya zagaye ƙauye. Har tsofaffin mata a bakin famfo suna cewa, "Ina Garma ya kwana?"

Abin da ya kamata Kubat ya yi ba wuya. Ya koma wurin Baba Toktosun ya ce masa, ka yi gaskiya, ja mini baya. Huda ta biyu ke nan, ba laifi a cikinta. Amma rumfar tsoho ba ta rabuwa da mutane, kuma kowa ya ji lokacin da ya ce ɗaya ta ishe shi.

Sai ga shi a ƙofar gidana da hantsi.

"Yaya Sapar, ara mini injin hudarka. Ƙofar akurkin kajinmu ce ta ɓalle."

Na ba shi.

Ranar Alhamis aka sake hawa tudu. Kubat ya sauko cikin gari kamar kwale-kwale a kan ruwa, hanci a sama, ƙanƙara tana tashi a bayansa. Ya tsaya a gabana ya watsa mini ita a fuska.

"Ina mai kiran Garma? Ranar nan ban saba da su ba ne. Ga su nan, su ne dai, ko taɓa su ban yi ba."

Ran Juma'a bayan masallaci ya sake zuwa aron inji. Asabar ya yi juyi a fili har ya fi na da. Litinin ya dawo aro.

Ba sai an yi karatu mai zurfi ba. Na gane. In za shi fili, sai ya rufe kansa a ɗakin ciyawa ya mayar da maƙalin tsakiya. In za shi dutse, ya ja shi baya. Kusa kuwa in ana cire ta ana mayarwa, hujin faɗaɗa yake har ya daina riƙewa. In ya daina, sai Kubat ya matsa yatsa ɗaya ya huda sabo. Tsofaffin ya cusa musu tsinken ashana da gam, ya rufe da sitika. Kafin wata guda sikinsa ya cika da sitika kamar bayan motar haya.

A aro na shida na ce masa, "Wai ni kajin nan naku dambe suke yi da ƙofa?"

Ya yi yaƙe. "Iska ce, Yaya."

"Lallai iskar bana ta san ranakun mako."

Na miƙa masa injin. Na san maganar da tsoho ya faɗa a kan huda ta huɗu, da kunnena na ji. Amma abin da ke raina shi ne in bari abin ya nuna sosai, ran da aka cika shagon shayi in ɓare sitika ɗaya a gaban kowa, a yi dariyar da za a shekara ana tunawa. Tanadin wasa nake yi. Ban taɓa kawo wa raina cewa wani zai iya mutuwa ba.

Kubat yana da yaya mace, Jildiz. Ita ce mace ɗaya tilo cikin masu jagora, kuma ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ta lura da sitikun. Wata rana a tsakar gida, matata tana wurin ta je aron rariya, Jildiz ta ce masa:

"Auta, kalle ni. Ka taɓa maƙalin nan?"

"Haba Yaya."

"Ba haba na tambaye ka ba."

"Na rantse da kabarin Baba, yadda tsoho ya ɗaura haka yake."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Shi ke nan." Wa zai ji ƙaninsa ya rantse da kabarin ubansu kuma ya ce sai ya duba?

Al'adarmu a ranar gwajin sabon jagora, da sassafe ake shimfiɗa kayan kowa a gaban Baba Toktosun, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda tsoho bai taɓa kayansa ba ba ya hawa, sai in wani tsohon jagora ya tsaya masa.

Gwajin ya faɗo ranar Lahadi. Asabar kuwa an yi gasa a fili, Kubat ya ci na ɗaya. Da ya je mayar da maƙalin baya, hujin ya ƙi riƙe kusa. Ya matsa kaɗan ya huda sabo, a tsakanin tsofaffi, inda katakon ya riga ya sha ruwa.

Da safe Mirbek ya shimfiɗa kayansa, tsoho ya shafa ya ce sun yi. Kubat bai iso ba sai da aka ɗaura wa dawakin da za su kai su gindin dutse sirdi. Ya zo a guje yana haki.

"Kawo in taɓa," in ji tsoho.

"Baba rana tana yi, ƙanƙara za ta yi nauyi. Ai kai ka ɗaura su da hannunka."

Tsoho bai janye hannunsa ba. Sai Jildiz ta matso ta ce, "Baba, ni na tsaya masa."

Tsoho ya juya fuskarsa wajen muryarta. "Kin tabbata, 'yata?"

"Ya rantse mini."

Ya sauke hannu. Ina tsaye a wurin riƙe da linzamin doki. Kalma ɗaya ta isa. Na haɗiye ta, don ban so in ɓata wasana tun bai nuna ba.

Su uku suka hau ƙololuwa, sauran masu jagora suka tsaya a ƙasa suna kallo da madubin hangen nesa. Tsarin shi ne Mirbek ya buɗe hanya, Jildiz mai duba su a tsakiya, Kubat ya rufe baya. In sun sauka su sake hawa a yi musanya.

Mai rufe baya shi ne ran tawaga. Shebur yana bayansa, idonsa yana kan kowa. Wanda ya faɗi, na gaba ba ya ganinsa, kuma ko ya gani hawa zai yi. Na baya kuwa gangarowa kawai zai yi, minti ɗaya ya iso.

Mirbek ya sauka ya ɓace cikin itatuwa. Jildiz ta bi.

Dogayen itatuwan dutsenmu rassansu har ƙasa suke, suna tare ƙanƙara, sai a samu rami mai zurfi a gindin kowanne, bakinsa a rufe da gari. Jildiz ta fi kowa sanin wannan. Amma wani kututture da ke ɓoye ya kama mata ƙafa, ta wuntsila, ta faɗa ramin da ka. Ƙanƙarar da ke kan rassan ta zubo ta rufe ta. Wutsiyar sikinta kawai ake gani.

Kubat ya gani daga sama. Ya kurma ihu ya tura kansa gangara da duk ƙarfinsa.

A juyi na biyu maƙalin ƙafar dama ya tumɓuke daga katakon, da kusoshinsa da komai. Sikin ya yi gaba shi kaɗai ya nutse. Kubat ya kifa.

Wanda bai taɓa tsayawa cikin gari ba siki ba ba zai gane ba. Ka taka ka nutse har ƙirji. Ka ɗaga ƙafa, ba abin takawa. Kubat ya gwada da siki ɗaya, ya kifa. Ya cire shi ya kwanta a kai yana ja da hannu. Ya yi iyo, ya yi rarrafe. Yana ganin wutsiyar sikin yayarsa tana motsi, tana motsi, har ta daina.

"Yaya! Yaya Jildiz! Ga ni nan zuwa!"

Mirbek ne ya ji ihun daga can ƙasa. Ya liƙa fatar hawa, wadda ke hana siki zamewa baya, a ƙarƙashin tsohon sikinsa, ya juyo ya hau gangaren da ya sauko. Waɗanda suka gani ta madubi sun ce ba su taɓa ganin ɗan Adam ya hau dutse haka ba. Ya iso ya haƙa da shebur, ya haƙa da hannu. Minti goma sha biyu ta yi a ciki. Ya jawo ta leɓɓanta sun yi shuɗi, ya share mata baki da yatsa, ya hura mata numfashi har ta yi tari.

Lokacin Kubat bai ci rabin hanya ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Gwiwarta ce ta tsinke, likitan Karakol ya ce ba ita ba dutse a wannan shekarar, ta gaba ma sai yadda ta yiwu.

Kubat ya ce dutse ne a ƙarƙashin ƙanƙara ya daki sikin. Ya ce duk wanda ya taka wurin haka za ta same shi. Mutane suka yi masa jaje. Sikin da ya nutse ba mai ganinsa sai bazara, ɗayan kuma ya shige da shi ɗakin ciyawa, ba a sake ganinsa ba. Da kwana uku suka wuce har bakinsa ya fara dawowa. A shagon shayi na ji yana cewa:

"Da ba don dutsen nan ba, kafin ta ƙifta ido na iso. Ya kamata a sake gwajin, ai ba a gama ba."

Na tashi na tafi rumfar Baba Toktosun na faɗa masa komai, tun daga akurkin kaji.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Sau nawa ka ba shi injin?"

"Tara, Baba."

"Kana ji na ce na huɗu kabari ne."

"Ina ji."

"To me kake jira?"

Na ce, "Dariya nake jira."

"Ka same ta?"

Ya ce in ɗauki Mirbek da dogayen sandunan caka mu hau inda abin ya faru. Kwana biyu muna caka ƙanƙara taku bayan taku. A rana ta biyu da la'asar sandarsa ta daki katako.

In mutum ya kuɓuta daga mutuwa, a wurinmu rago ake yankawa a tara jama'a a gode wa Allah. A rana ta bakwai aka yi na Jildiz a gidansu. Ɗaki ya cika har ƙofa. An shimfiɗa ledar abinci, ga soyayyen burodi, ga taliya da nama, ga shayi yana zagayawa. Jildiz tana zaune a jikin bango, ƙafarta a miƙe cikin ɗauri. Kubat yana ta hidima, yana zuba wa manya ruwan wanke hannu.

Aka yi addu'a aka shafa. Aka kawo kan rago gaban Baba Toktosun, don shi ne babba, shi ke rabawa. Kowa ya san rabon. Ido na wanda kake so ku ƙulla zumunci ne. Kunne kuwa na yara ƙanana ne, don su riƙa jin magana.

Tsoho ya cire ido ya miƙa wa Mirbek. Aka ce madalla.

Ya yanke kunne ɗaya. Yara suka matso suna miƙa hannu. Ya ce, "Sapar."

Ɗaki ya fashe da dariya. Ni da furfura a gemu, da 'ya'ya biyar. Kowa ya juyo yana jiran abin da zan mayar. Na tashi na karɓa da hannu biyu, na cinye, na koma na zauna.

Da suka ga Sapar ya yi shiru, dariyar ta mutu da kanta.

Tsoho ya ce, "Mirbek, shigo da shi."

Mirbek ya fita ya dawo da sikin, ya kwantar da shi a kan gwiwoyin tsoho. Butar da ke hannun Kubat ta karkace, ruwa ya zuba a kan darduma.

Tsoho ya goge wuƙarsa, ya sa bakinta a ƙarƙashin sitika ta farko ya ɓare. Ya ɓare ta biyu. Yana ajiye su ɗaya bayan ɗaya a gefen faranti. Da ya gama, katakon ya fito kamar rariya. Ya ɗora yatsa a kan hujin farko.

"Idona ba ya gani sosai. Ku taya ni. Ɗaya."

Ba wanda ya taya shi. Shi kaɗai ya ƙirga, a hankali, yatsansa yana tafiya daga huji zuwa huji. Wasu sun haɗe da juna, wasu tsinken ashana yana leƙowa daga ciki. Wani wurin da ya danna, katakon ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Har ya kai arba'in.

Ya juya sikin ya shafa ƙasansa daga hanci har wutsiya. Sumul, ko ƙarzuwa babu.

"Dutsen da ya daki wannan, da auduga aka yi shi," in ji shi. Sannan ya mayar da yatsa kan hujin. "Takwas ni na huda. Talatin da biyu na wane ne?"

Kubat ya buɗe baki. "Baba, katakon ne tun daga shago..."

"Auta."

Jildiz ce. Ba ta ɗaga murya ba.

"A cikin ramin nan ina jin ka. Ƙanƙara ta cika mini baki, ba na ganin komai, amma ina jin kana cewa ga ni nan zuwa. Na ce wa raina, riƙe, ƙaninki ne a baya, yanzu zai iso. Ina ta saurare. Muryarka tana nan wuri ɗaya. Ba ta matso ba."

Ta share ido da bakin ɗankwalinta.

"Gwiwa ba komai ba ce. Kabarin Baba ka ɗauko ka rufe huji da shi."

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta fara salati a hankali. Ba wanda ya taɓa abinci.

Baba Toktosun ya jawo kan ragon ya yanke kunne na biyu. Ya ɗaga shi sama, bai kira suna ba. Bai sauke hannun ba, kamar yadda ya miƙa shi da safiyar gwaji a bakin dawakai.

Daga inda Kubat yake zuwa gaban tsoho bai fi taku shida ba, amma sai da ya ratsa ta gaban masu jagora, da samarin da ke masa ihu ran Asabar, da ƙafar yayarsa da ke miƙe. Ya durƙusa. Tsoho ya ɗora masa kunnen a tafin hannu ya ce:

"Yatsa biyu na ce maka, ɗana. Yatsa biyu kawai."

Kubat ya tsaya a durƙushe a tsakiyar ɗaki, kunnen rago a hannunsa. Ya kasa kai shi baki, ya kasa ajiyewa, ƙauye duka yana kallonsa.

Darasi: Wanda ya ce sai ya zama na ɗaya a ko'ina, a ɓoye zai yi ta huda katakon da yake tsaye a kai, kuma ran da ya ɓalle ba lallai shi ne zai faɗa rami ba. Ka zaɓi matsayinka ka yarda da abin da za ka rasa, in ka yi kuskure ka koma ka faɗa tun huji bai yi yawa ba. Kai kuma da ka ga ɓarna ka yi shiru kana jiran dariya, rago kunne biyu gare shi, ɗaya naka ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai liƙa sitika a cikinsu.